Ɓarawon Kabari Ba Jarumi Ba Ne, Ko Da Ya Kunna Kyandir

Duk wanda ya taɓa cinye datarsa a kan shirye-shiryen ƙasar Sin masu dogon zango na 'yan tonon kaburbura ya san yadda ake yi. Samari uku ko huɗu ne, da igiya da tocila da shebur, za su zura cikin wani rami, su bi ta lungunan da aka ɗana wa tarko, su tsallake kibau da ƙwari masu dafi, har su isa ɗakin da aka ajiye gawar wani basarake da ya mutu shekaru dubu biyu da suka wuce. Can a kan ƙirjinsa ko cikin bakinsa akwai wani abu mai sheƙi da ba wanda ya san sirrinsa. Kiɗa ya tashi, hannu ya miƙa, mu kuma muna riƙe da numfashi muna fatan Allah ya sa su fito lafiya.

Mu da za mu tashi unguwa guda tsaye idan aka ce an ga wani da shebur a maƙabarta da tsakar dare, mu ne muke yi wa ɓarawon kabari addu'ar fita lafiya.

Abin ya samo asali ne daga littattafai biyu da suka fara fitowa a intanet a 2006, kashi-kashi, kamar yadda marubutanmu suke sakin nasu yanzu. Ɗaya Daomu Biji na Nanpai Sanshu, ɗaya kuma Gui Chui Deng na Tianxia Bachang. Na farkon ya zama shirin The Lost Tomb a dandalin iQiyi a 2015, kuma ranar da aka saki ragowar kashe-kashensa ga masu biyan kuɗi, tururuwar masu kallo sai da ta durƙusar da kwamfutocin kamfanin. Mu masu rubuta manhaja mun san abin da wannan yake nufi: ba a kayar da irin waɗannan na'urori da mutum dubu goma. Na biyun ya zama Candle in the Tomb a dandalin Tencent a 2016. Daga nan aka buɗe famfo, shiri na bin shiri har yau.

A littafin Tianxia Bachang da shirinsa akwai wata ƙa'ida da ta fi komai burge masu kallo. Idan ɓarawo ya shiga ɗakin gawa, sai ya kunna kyandir a kusurwar kudu maso gabas. In kyandir ya ci gaba da ci, ya ɗauki abin da zai ɗauka. In ya mutu, mai kabari bai yarda ba ke nan, sai ya mayar da kayan, ya yi gaisuwa, ya fita. Dabara ce ta marubuci mai basira, kuma tana aiki: da kyandir ɗaya an mayar da ɓarawo mutum mai ladabi, mai neman izini. An kuma ba shi asali, aka ce sana'arsa ta faro daga wani muƙamin soja da Cao Cao ya ƙirƙira don tono dukiyar kaburbura. To amma inda aka samo wannan magana ita ce takardar ɓatanci da Chen Lin ya rubuta wa Yuan Shao, abokin gabar Cao Cao, wajen shekara ta 200. Zagi ne aka yi wa mutum, shi ne yanzu aka ɗinka wa rigar sarauta. Shi kansa Cao Cao ya bar wasiyya kada a binne shi da zinariya ko duwatsu masu daraja, kuma da aka sanar da gano kabarin da ake cewa nasa ne a Anyang a ƙarshen 2009, an tarar ɓarayi sun riga sun shiga ba sau ɗaya ba.

Masu shirya The Lost Tomb sun san akwai matsala, domin tonon tsofaffin kaburbura babban laifi ne a dokar Sin, har sai 2011 aka cire shi daga laifukan da ake yanke wa hukuncin kisa. Sai suka yi abin da malalacin mai rubuta manhaja yake yi idan aikinsa na fitar da sakamako marar kyau: bai gyara tushen ba, ya manna faci a sama. Aka mayar da jarumin, Wu Xie, mai kishin kare kayan tarihi, yana ta nanata cewa duk abin da aka samo za a miƙa wa gwamnati. 'Yan Sin sun mayar da wannan kalma abin barkwanci a intanet. Su sun yi dariya ne don facin ya ɓata musu labarin da suka sani. Mu abin da ya dame mu daban ne. Facin ya fi ɓarnar da yake rufewa haɗari, domin yana koya wa mai kallo cewa laifin ɓarawon kabari ɗaya ne tak, wato ya riƙe kayan. In ya mayar, shi ke nan, an yi biyan bashi.

Ba haka ba ne, kuma a nan sana'armu take da abin cewa. A rumbun bayanai, lamba ita kaɗai ba ta da ma'ana. Idan aka ba ka 45 aka tafi, ba ka san ko shekarun mutum ba ne, ko kuɗin kaya, ko lambar gida. Abin da ya ba ta ma'ana shi ne layin da take, da sunan ginshiƙin da ke samanta, da sauran bayanan da take ɗaure da su. Wanda ya shiga rumbu ya kwashe lambobin ya watsar da layukansu, ko da ya dawo maka da su duka cikin buhu, ya gama da kai. Kabari ma haka yake. Zurfin da aka sami abu, da ƙasar da ta rufe shi, da abin da ke gefensa, da gawayin da za a auna a san shekarunsa, su ne layi da ginshiƙi. Kuma wannan rumbu ba shi da kwafin ajiya. Sau ɗaya ake karanta shi, domin karanta shi ita ce rushe shi. Shi ya sa masana ilimin kufai suke kwashe makonni da ɗan buroshi a kan wurin da bai fi tabarma ba, suna aunawa suna zanawa kafin su ɗaga komai. Ɓarawo shi ma karantawa yake yi sau ɗayan nan, sai dai ba ya rubuta ko harafi.

Kafin takarda ta yaɗu, mutanen Sin suna rubutu ne a kan siraran sandunan gora, a jera su a ɗaure da zare, su zama littafi. Cikin shekaru dubu biyu a ƙarƙashin ƙasa zaren yana ruɓewa, sandunan su zube. Abin da zai taimaka a gane wace ce ke bin wace shi ne yadda aka tarar da su a kwance. A 1994 gidan tarihi na Shanghai ya sayo irin waɗannan sanduna kimanin 1,200 daga kasuwar Hong Kong, waɗanda ɓarayi suka fitar. A 2008 jami'ar Tsinghua ta karɓi wasu fiye da 2,000, su ma ta hannun 'yan kasuwa suka bi. Rubuce-rubuce ne na kusan shekaru 300 kafin haihuwar Annabi Isa, wasunsu ba wanda ya taɓa jin labarinsu. An ceto su, suna hannun hukuma, daidai yadda jarumin shirin yake alkawari. Amma ba a san takamaiman kabarin da suka fito ba, ba a san wanda ya mallake su ba, kuma masana sun kwashe shekaru suna gardama a kan jerin wasu daga cikinsu, kamar wanda aka ba shafukan littafi an yage lambobinsu an zuba a kwando.

A kwatanta da abin da ya faru kusa da Nanchang. A 2011 mutanen ƙauye suka kai rahoton ramin ɓarayi a kan wani tudu. An yi sa'a ramin ya sauka tsakiyar ɗakin, akwatin gawar kuwa yana gefe, bai same shi ba. Masana suka shiga, suka yi shekaru suna aiki. Sun sami zinariya fiye da kilo ɗari, da tan-tan na kuɗin tagulla, da dubban sandunan rubutu. Amma abin da ya warware zancen wani ɗan hatimi ne na dutse mai daraja da aka tarar a cikin akwatin gawar a 2016, ɗauke da sunan Liu He, mutumin da ya hau gadon sarautar daular Han na kwana 27 kacal aka tsige shi. Hatimin zai shige aljihun wando. Da jarumin shirinmu ne ya riga kowa isa, shi zai fara ɗauka, don shi ne mai sheƙi, kuma da wannan ɗauka guda ya raba mamacin da sunansa.

Za a ce mana wasa ne, nishaɗi ne, ba wanda ya taɓa sayen shebur don ya kalli talabijin. Mu ma ba mu ce a hana kallo ba, kuma ba mu ce shirin ne ya haifi ɓarayi ba. Sun Dianying ya fasa kaburburan sarakunan Qing da nakiya a 1928, babu iQiyi a lokacin. A shekarar da The Lost Tomb ya fito, 'yan sandan Sin sun sanar da kama mutum 175 da ƙwato kayan tarihi 1,168 da aka sace daga wuraren al'adar Hongshan a lardin Liaoning, kuma waɗannan kuɗi suka bi, ba kiɗan fim ba. Ƙararmu ita ce shirin yana ɓoye mutum ɗaya da ya kamata a fi nunawa, wato mai saye. A allo, kayan tarihi sirri ne ke jan mutane gare su, ko tsinuwar da ta bi zuri'a, ko neman maganin mutuwa. A zahiri farashi ne. Akwai mai kuɗi a wani birni mai nisa da yake son abin ado a falonsa kuma ba ya tambayar daga ina, sai dillali, sai ƙaramin dillali, sai can ƙasan tsani talaka a cikin rami wanda ƙasa za ta iya rufta masa. Shirin ya ɗauki na cikin ramin ya yi masa kwalliya, na falon kuwa ko ya fito, mugun fim ne kawai mai baƙin tabarau, ba wanda zai gane shi da mutumin kirki mai halartar gwanjo.

Ba sai mun je Sin ba kafin mu ga wannan tsani. Mutum-mutumin gasasshen yumɓu na Nok, daga kudancin Kaduna da kewaye, ya fara fitowa ne a wuraren haƙar kuza a 1928, kuma daga baya ya zama hajar da ake rububi a Turai. A 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta fitar da jerin kayan Afirka da ke cikin haɗarin sata, ciki har da na Nok, da na yankin Katsina da Sakkwato, da na Bura a Nijar. Masanan jami'ar Frankfurt da suka fara aiki a ƙasar Nok daga 2005 tare da takwarorinsu na Nijeriya sun riƙa tarar da wurare an riga an farfasa su da ramuka. Duk da haka, daga ɗan abin da ya tsira suka gano mutanen nan suna noman gero da wake. A 2021 aka buga sakamakon gwajin da aka yi wa fasassun tukwanensu, aka sami alamar kakin zuma, shaidar cewa mutanen yankin suna ɗibar zuma tun kimanin shekaru 3,500 da suka wuce. Tsingaro ne ya faɗi wannan. Abin da mai tono yake watsarwa da ƙafa yana neman kan mutum-mutumi.

Shi ya sa muke magana da marubutanmu kai tsaye, musamman masu sakin labari kashi-kashi a waya, don ta wannan hanya Daomu Biji ya fara, kuma wani a cikinmu zai gwada irinsa. Kayan aikin duk suna nan: tsofaffin ganuwoyi, kufai, tuddan kaburburan Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Katsina, ga labaran aljanu masu gadin dukiyar binne da kowa ya tashi yana ji. A rubuta, amma kada a aro mana kyandir ɗin. Wanda yake neman abin tsoro da rikici, ga manomin da aka ba kuɗin da bai taɓa riƙewa ba don ya nuna wani wuri a gonarsa, ga mai unguwar da ya sani ya yi shiru, ga ɗalibar ilimin kufai da ta iso bayan mako guda ta tarar da ramuka, ga dillalin da yake da takardu masu hatimi a kan kowane kaya. Waɗannan sun ishi littafi.

Shi kuwa alkawarin miƙa wa gwamnati, mun ga yadda yake a aikace. A 2000 aka baje kolin wasu mutum-mutumi na Nok a gidan tarihi na Louvre da ke Paris, waɗanda Faransa ta saya daga hannun dillali. Aka yi ta cece-kuce, har a 2002 Faransa ta amince cewa mallakar Nijeriya ne, Nijeriya kuma ta bar mata su aro na shekara 25, da damar sabuntawa. A takarda kayan sun koma hannun masu su. Ramukan da aka ciro su kuwa, da abin da ke kwance a gefensu ranar da aka ciro su, babu yarjejeniyar da ta ambace su, domin masu sa hannun ba su san inda suke ba.