Sharhi: Tikitin fam 20 a filin unguwa, tsada ce ko kuɗin raya kulob?

Duk ranar Asabar, daga ƙarfe 2:45 zuwa 5:15 na yamma, ba a nuna wasan ƙwallon ƙafa kai tsaye a talabijin a Ingila. Matashin da ke zaune a gidan kallo a Maradi ko Damagaram yana iya kallon Arsenal ko Liverpool a daidai wannan lokaci, amma mutumin Landan da ke zaune a ɗakinsa ba shi da wannan dama. Tun shekarun 1960 wannan ƙa'ida take aiki, kuma dalilinta ɗaya ne: kada talabijin ta riƙe mutane a gida, filayen ƙananan kulob-kulob su zama kufai.

Ƙasar da ta fi kowace sayar wa duniya ƙwallo ta san cewa tushen wasan yana ƙasa. Sai dai a yau wata muhawara ta kunno kai tsakanin masu zuwa waɗannan ƙananan filaye, wato ko kuɗin da ake karɓa a bakin ƙofa ya dace da abin da ake kallo. Muhawarar ta shafi ƴan ci-ranin da ke zaune a can, ta kuma shafi duk wanda ya damu da makomar kulob ɗin garinsu.

A tsarin Ingila, gasar Firimiya tana da kulob 20, sai rukunai uku da ke bi mata, kowanne da kulob 24. Jimilla 92 ke nan. Duk abin da ke ƙasa da haka shi ake kira ƙwallon da ba na manyan rukunai ba. Yana farawa daga National League a mataki na biyar, ya gangara zuwa rukunan arewa da kudu, ya ci gaba har zuwa gasannin yankuna inda ɗaruruwan kulob ke fafatawa. A can ƙasa, mai tsaron gida kan zama mai gyaran famfo, mai kai hari malamin makaranta, sannan dattijon da ke yanka tikiti shi ne ya share fili da safe, ba tare da an biya shi ko kwabo ba.

Da yawa daga masu zuwa waɗannan filaye tsada ce ta koro su daga manyan. A ranar 6 ga Fabrairun 2016, magoya bayan Liverpool kimanin 10,000 sun tashi sun fice daga filin Anfield a minti na 77 na wasansu da Sunderland, saboda shirin kai tikiti mafi tsada fam 77. Cikin ƴan kwanaki masu kulob ɗin suka nemi afuwa suka janye. A shekarar ce kuma gasar Firimiya ta ƙayyade cewa tikitin magoya bayan baƙi ba zai wuce fam 30 ba. Amma lamarin bai mutu ba. A ƙarshen 2024 Manchester United ta mayar da ragowar tikitocinta fam 66, ta soke rangwamen yara da na tsofaffi. Wannan duk a gasar da ta sayar da haƙƙin nuna wasanninta a cikin gida kawai a kan fam biliyan 6.7 na shekara huɗu. Idan kulob mai irin wannan samu ya matsa wa uba da ɗansa a bakin ƙofa, ba talauci ne ya sa shi ba, son ƙari ne.

To amma yanzu koken ya sauko ƙasa. A mataki na biyar, babban mutum kan biya fam 20 ko fiye, wato kusan jika 15 na sefa. A matakai na bakwai da takwas galibi kuɗin na tsakanin fam 10 da 15, a ƙasa da nan kuma bai cika kai wa 10 ba. Masu ƙorafi na cewa ta yaya za a biya kuɗin da ya kusa na tikitin baƙi a Firimiya don kallon wasan mataki na biyar, a tsaye, cikin sanyi da yayyafi?

Tambayar na da ma'ana, amma kwatancen bai daidaita ba. Babban kulob zai iya buɗe ƙofa da rahusa bai ji a jikinsa sosai ba, domin talabijin da kamfanonin talla sun riga sun cika masa aljihu. Ƙaramin kulob kuwa da kuɗin ƙofa yake numfashi, sai ɗan abin da ya samu daga sayar da shayi da abinci, da allunan tallar shagunan unguwa. Daga nan zai biya alƙalin wasa da mataimakansa, ya biya wutar fitilun fili wadda ta yi tashin gwauron zabi tun 2022, ya ɗauki hayar mota zuwa wasannin waje, ya gyara ciyawa, ya biya inshora, ya ba ƴan wasa ɗan abin sakawa a aljihu. Idan mutum 300 suka biya fam 10, an tara fam 3,000, kuma da shi za a lallaɓa har wasan gida na gaba, sau da yawa bayan mako biyu. Idan ruwan sama ya sa aka ɗage wasa, babu kuɗin, amma takardun bashi ba sa jira.

Wanda ke ganin kulob ba ya mutuwa ya tambayi mutanen Bury. Kulob ɗinsu, wanda aka kafa a 1885 kuma ya ɗauki Kofin FA sau biyu, an kore shi daga gasa a watan Agustan 2019 saboda matsalar kuɗi. Bayan shekara ɗaya, a Satumban 2020, kotu ta rushe Macclesfield Town kan bashin da ya haura fam 500,000, kuɗin da bai kai albashin wata ɗaya na wasu taurarin Firimiya ba. A gefe guda kuma akwai labarin Marine, kulob na mataki na takwas da ke kusa da Liverpool, wanda gidajen jama'a suka kewaye filinsa. A Janairun 2021 ya karɓi baƙuncin Tottenham ta José Mourinho a Kofin FA, amma annobar korona ta hana ƴan kallo shiga. Sai kulob ɗin ya sa tikitin goyon baya a intanet a kan fam 10, tikitin da ba ya shigar da kowa fili. An sayi fiye da 30,000. An ci Marine 5 da nema, amma ta fita da kuɗin da ya tsayar da ita da ƙafafunta. Mutane sun biya ne domin sun san inda kuɗinsu zai tafi.

A nan ne ma'aunin adalci yake. Ba yawan kuɗin kaɗai ake dubawa ba, ana duba wanda ya biya, da wanda aka bari a waje, da inda kuɗin ya nufa.

Da wannan ma'auni, ba kowane ƙaramin kulob ne zai tsira daga zargi ba. A mataki na biyar, yawancin kulob-kulob sun koma ɗaukar ƴan wasa aiki na cikakken lokaci, kuma 24 ne ke kokawa kan gurabe biyu kacal na hawa sama. Tun da taurarin fim Ryan Reynolds da Rob McElhenney suka sayi Wrexham a 2021, suka zuba kuɗi har ta haye a 2023, masu kulob da dama sun shiga tseren albashin da aljihunsu bai kai ba. Idan aka ɗora wa ɗan kallo nauyin burin attajiri, tikitin ya daina zama gudummawa, ya koma haraji. Haka nan idan sa'a ta kawo babban baƙo, sai a ninka farashi a kan mutanen da suka jure zuwa duk shekara. Tamworth ta sha irin wannan suka a Janairun 2025 lokacin da Tottenham ta ziyarce ta. Amma ita ma tana da abin cewa: daga kakar 2024 aka soke sake buga wasan da aka tashi kunnen doki a manyan zagayen Kofin FA, don a rage wa manyan kulob gajiya. Tamworth ta riƙe Tottenham babu ci har minti 90. A tsohon tsari da ta je Landan ta raba kuɗin ƙofar babban fili. A sabon tsari an ƙara lokaci, aka zura mata uku. Manya suka rufe wata ƙofar samu, ƙaramin kulob ya juya kan magoya bayansa.

Akwai hanya mai sauƙi ta auna lamarin. A Afrilun 2025, an ƙayyade mafi ƙarancin albashi a Birtaniya ga mai shekara 21 zuwa sama a kan fam 12.21 a awa ɗaya. Tikitin da bai wuce ladan aikin awa ɗaya ba, da wuya a kira shi zalunci. Wanda ya doshi ladan awa biyu, a wasan da ba na manyan rukunai ba, dole a yi wa jama'a bayaninsa. Kuma duk kulob ɗin da ke karɓar kuɗi mai nauyi daga hannun yara yana cin irin shukarsa ne, domin yaron da bai saba da filin garinsu yana ɗan shekara goma ba, ba zai fara zuwa yana da talatin ba.

Misalan da suka yi nasara suna nan. Magoya bayan Manchester United da suka ƙi amincewa da sayar da kulob ɗin ga iyalan Glazer sun kafa FC United of Manchester a 2005, bisa tsarin kowane mamba ƙuri'a ɗaya. A can mambobi ne ke da ta cewa kan farashi, har sun taɓa barin kowa ya biya tikitin shekara gwargwadon ƙarfinsa. AFC Wimbledon, wadda magoya baya suka kafa a 2002 bayan an amince a kwashe kulob ɗinsu zuwa wani gari, ta fara daga mataki na tara, ta shiga manyan rukunai a 2011. Tun 2010 kuma ake ware rana guda a shekara, lokacin hutun wasannin ƙasashe, don jan hankalin magoya bayan manyan kulob zuwa ƙananan filaye, inda da yawa ke rage kuɗi ko su bar yara su shiga kyauta. Ita ma gwamnati ta shigo: dokar da aka kafa a 2025 ta samar da hukuma mai zaman kanta da za ta sa ido kan kulob 116 na matakai biyar na sama, kuma ta wajabta musu tuntuɓar magoya baya.

Abin da ake karewa ya wuce nishaɗin yammacin Asabar. Jamie Vardy yana aiki a masana'anta yana buga wa Stocksbridge Park Steels wasa, ya bi ta Halifax da Fleetwood, kafin Leicester ta saye shi fam miliyan ɗaya a 2012, ya ɗauki kofin Firimiya a 2016. Ian Wright, Chris Smalling da Michail Antonio duk ta irin waɗannan filaye suka biyo. Da babu masu biyan ɗan kuɗin ƙofa, da babu filin da za a gan su.

Ga ɗan ci-ranin da ke Birmingham ko Manchester, wanda kuɗin Old Trafford ya fi ƙarfinsa, filin unguwa wuri ne da zai kai ƴaƴansa, ya san maƙwabta, yaron ma ya samu inda zai fara taka leda. Ga wanda ke gida kuwa, labarin yana da wata fuska. Wasannin da Ingila ta hana ƴan ƙasarta kallo don kare ƙananan kulob ɗinta, su ne ke sauka a gidajen kallon Nijar da ƙarfe uku ko huɗu, daidai lokacin da rana ta yi sanyi ake fita fili. Matashi ya san sunan kowane ɗan benci na Chelsea, amma bai san wanda ke tsaron ragar Jangorzo ko Dan Kassawa a Maradi, ko Espoir a Damagaram, ko Ader a Tawa ba.

Ba laifin matasa ne kaɗai ba. Kulob-kulob da dama da suka fi ƙarfi a gasar ƙasa na hukumomi ne da kamfanonin gwamnati, irin su soja, kwastan, ƴan sanda da jandarma, kuma a Yamai suke. Suna da kasafin kuɗi, ba su dogara da ɗan kallo ba. Na jihohi kuwa sukan rataya a wuyan attajiri ɗaya, ranar da ya gaji kulob ya durƙushe. Ga shi kuma mafi ƙarancin albashi jika 42 ne a wata, don haka ba a maganar tikiti mai tsada. Amma ba za a ce jama'a ba sa son nasu ba. Duk wanda ya ga yadda filin kokowa ke cika maƙil lokacin gasar takobi, ko yadda unguwa ke fitowa kwanta da kwarkwata a gasar babban hutu ta TGV, ya san sha'awar tana nan. Moussa Maazou ma a filayen Yamai aka fara ganinsa kafin ya tafi Beljiyam da Rasha.

Abin da ya rage shi ne amana. Kulob ya sa kuɗin shiga da bai fi na gidan kallo ba, ya bar yara da ƴan makaranta su shiga kyauta, ya fito da katin mamba na shekara, sannan a ƙarshen kaka ya tara mambobi ya karanta musu abin da ya shigo da abin da aka kashe. Hukumar FENIFOOT da rassanta na jihohi su sanar da jadawali da wuri, su guji haɗa muhimman wasanni da lokacin manyan karawar Turai. Ma'aikatun magajin gari su kare filayen unguwa daga masu yanka su fuloti. Ƴan ci-rani da ke aiko da riguna da ƙwallaye su nemi katin mamba, su kuma nemi lissafi.

Ƴan kallo a Ingila na da haƙƙin tambayar dalilin fam 20, kuma kulob ɗin da ya kasa ba da amsa bai cancanci kuɗin ba. Amma wanda ya ƙi biyan fam 10 a filin garinsu yana biyan ninkinsa ga tashar talabijin duk wata, ya riga ya zaɓi wanda zai rayu. Haka lissafin yake ga fadar da ke haɗa kuɗin shayi da na gidan kallo duk mako, alhali filin da ke bayan unguwarsu babu kowa. Sai gida ya ƙoshi ake kai wa dawa.