SANIN ƘASA: Daga Galma zuwa Keita, inda dutsi ke shayar da fadama

A wannan mako filin ya ya da zango a jahar Tawa, cikin yankin da ma'aikata ke kira Adar-Dutsi-Majiya, wanda ya game gundumomin Madawa, Buza da Keita. Matafiyin da ya biyo babbar hanya mai lamba 1, daga Birnin Ƙonni zuwa Maraɗi, sau da yawa bai san abin da ya wuce ba. Yakan ga buhunnan albasa jibge a Galmi, ya tsaya Madawa ya sayi kilishi da tabarma, sa'an nan ya ci gaba da tafiyarsa. Har akan samu mai rikita Galmi da Galma, alhali kuwa gari biyu ne. Galmi tana cikin gundumar Malbaza, ita ce ta ara wa albasa sunanta. Galma Kudawace kuwa ƙaramar hukumar karkara ce yamma da garin Madawa, kuma ta hanyar yaƙi sunanta ya shiga littattafan tarihi.

A nan ne, cikin shekara ta 1901, Abzinawan Kel Gires suka yi karo da sojojin Faransa. Mutane ne da suka gangaro daga Abzin tun ƙarni na 18, masu raƙuma da ayarin gishiri, waɗanda suka daɗe suna da faɗa a ji tsakanin Adar da Gobir. Takobi da mashi ba su yi wa bindiga komi ba, daga ranar kuma ikonsu ya karye. Jikokinsu suna nan a Galma da Azarori, gona na kallon gona tsakaninsu da Hausawa, ko da yake har yanzu bisashe sukan hau arewa da damana domin lasar gishiri a wajajen Ingal.

Wanda ya bar kwalta ya nufi arewa, wajen Buza, nan da nan zai gane dalilin da ya sa aka ce Adar Dutsi. Tudu ne shimfiɗaɗɗe, baƙin marmara da tsakuwa iyakar ganin ido, sai kwatsam ƙasa ta tsage, mutum ya tsinci kansa bisa gaɓa yana hangen kwari kore shar a ƙarƙashinsa. A jikin gaɓar akwai farin dutsi mai ɗauke da ɓawon halittun ruwa, shaidar cewa teku ya taɓa kwanciya a wurin tun kafin ɗan Adam. Irin wannan dutsi ne masana'antar Malbaza ke ƙonawa ta yi siminti. Ruwan sama kuwa na wata ukku ne zuwa huɗu, kuma ba ya zuwa da lallashi. In ya zuba bisa faƙo ba ya shiga, sai ya kwararo da ƙarfi, ya haɗu cikin korama, ya yanki gona ya tafi da ita. Gulbin Majiya yakan kwashe shi ya ratsa ƙasar Ƙonni, har tabkin Kalmalo cikin Najeriya. Saboda haka arzikin wannan yanki duka ya rataya ne ga tambaya guda: ina ruwan zai tsaya?

Inda ya tsaya, ƙasa ba ta rowa. A kwarin Tarka, kusa da Madawa, ruwa bai da nisa, rijiya ba ta wahalar gina, shi ya sa da an gama girbin hatsi garake ke cika da mutane. Albasa ce sarauniya. Ana dasa ta da sanyi, a yi ta ban ruwa da injin, a cire ta wajen Maris da Afrilu, manyan motoci su ɗauke ta zuwa Abijan, Akara, Kumasi, Lome da Kwatano. Matan waɗannan birane sun san ta da launinta mai ja-ja da yajinta, suna kuma neman ta da suna. Sai dai manomi ba shi ne ke shan romon ba. Kowa a lokaci guda yake cirewa, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi, ga bashin mai da na taki yana jira. Mai hali yakan zuba tasa cikin rudu, wato rumbun kara da ciyawa mai shan iska, ya jira watannin da za ta yi tsada, amma zafi da laima sukan ruɓar da kashi mai yawa kafin lokacin. Marar hali kuwa tun tana gona ya sayar.

Cimakar gida ba ta bi albasa zuwa waje ba. Hatsi ne tushenta: fura da rana, mai nono in an samu, tuwo da dare, da miyar kuka ko ta kuɓewa busassa. Ganyen albasa ma ba a zubar da shi, akan daka shi a shanya ya zama gabu, wanda ke ɗaga miya a lokacin da babu nama. Akwai kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, akwai tumatir da ake yankawa a shanya domin rani, akwai cuku na matan makiyaya, fari, siriri kamar takarda, abokin shayi. Kilishin Madawa kuwa ba ya bukatar mai yi masa kirari. Amma duk wanda zai ba da labarin abincin Adar bai ambaci anza ba, ya ɓoye rabin gaskiya. Ƴaƴanta masu ɗaci ne, sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin su ciwu, kuma ba a nemansu sai rumbu ya ƙare. An ci su a 1973 da 1984, an kuma koma gare su a 2005.

Waɗannan shekaru na fari su ne suka haifar da abin da ya fi cancantar a je a gani a yankin, domin abin kallon Adar hannu ne ya yi shi. A kwarin Majiya, cikin ƙasar Buza, iskar hunturu ta kasance tana share ƙasar gona, ta damana kuma ta binne shuka da rairayi. A shekara ta 1975 ma'aikatan gandun daji, tare da ƙungiyar CARE, suka fara dasa dogon yaro layi biyu-biyu, da tazarar mita 100 tsakanin jeri da jeri, suka gitta wa iska. Da farko manoma sun yi gunaguni, ganin itace zai ci musu gona. Da jerin suka girma, hatsin da ke bayansu ya fi na fili yabanya, rassan da ake sassabewa kuma suka zama itacen girki da na rufin ɗaki. Daga bisa gaɓa, kwarin yana kama da saƙar tabarma.

Na Keita ya fi wannan girma. A shekara ta 1984, ana tsakiyar yunwa, aka buɗe furojen raya karkara da kuɗin ƙasar Italiya, hukumar FAO tana gudanarwa, hukumar PAM kuma tana biyan ma'aikata da abinci. Mazaje sun tafi biɗa, wasu Najeriya, wasu Abijan, saboda haka mata ne suka fi yawa a wurin aikin gandari. Su suka ɗauki duwatsu a ka, goyo a baya, suka jera su bisa tudu domin tare ruwa. Su suka haƙa ramuka a jikin gangare aka dasa itace. Da hannunsu aka cika ragar ƙarfe da duwatsu aka datse koramu. Cikin kimanin shekara 20 an dasa itatuwa wajen miliyan 18, an kuma maido da dubban eka na faƙo, wuraren da tsofaffi suka riga suka fid da rai da su. Masana daga ƙasashe da dama sun zo sun gani, sun rubuta. Abin da ba su cika rubutawa ba shi ne nauyin dutsi a wuyan mace mai shayarwa.

Furojen ya daɗe da rufewa, kuma aikin dutsi ba ya tsare kansa. Kowace damana ruwa yakan ture wani sashe na jerin, in ba a mayar ba ɓarakar ta zama sabuwar korama. Madatsun ruwa suna cika da yashi a hankali. Mutane sun ƙaru ƙwarai, bukatar itace ta ƙaru, gatari kuma ba ya tambayar wanda ya dasa. Filin da aka raya ma yakan zama abin jayayya, tsakanin mai cewa gadonsa ne da makiyayin da ya san shi hurumin kiwo, ita kuwa wadda ta jera duwatsun ba kasafai ake kiranta wurin shari'ar ba. Ƙananan hukumomi aka bar wa nauyin gyara, alhali kuɗin da suke tarawa a kasuwanni bai taka kara ya karya ba. Ga manomin albasa na cikin kwari wannan ba labarin nesa ba ne, domin ruwan da injinsa ke ja da rani shi ne wanda ƙasa ta samu ta sha da damana.

Mai niyyar ziyara ya zaɓi tsakanin Nuwamba da Janairu, lokacin da rumbuna suke cike, tabkin Keita yana da ruwa, garake kuma sun yi kore. Daga Madawa hanya ta bi ta Buza, ta haura Keita, ta faɗa Tawa ta wajen Tamaske. Ya riƙe ruwan sha da mayafi, domin sanyin bisa tudu da asuba ba na wasa ba ne, ya kuma fara da gaida hakimin gari kafin ya hau dutsi.