Tagwaye Iri Na Uku

Yau a wannan fili za mu yi magana a kan tagwaye.

Abin da likitoci suka daɗe suna koyarwa shi ne tagwaye iri biyu ne. Akwai waɗanda ƙwan mace ɗaya ya haɗu da ƙwayar maniyyi ɗaya, sa'an nan ya tsage biyu. Su ne Hasan da Husainin da ko maƙwabta ba su iya rarrabewa, kuma kullum jinsinsu ɗaya. Akwai kuma na ƙwai biyu, kowanne da tasa ƙwayar. Waɗannan kamarsu ba ta wuce ta wa da ƙane ba, ana kuwa samun namiji da mace.

To, a shekarar 2014 aka haifi waɗansu tagwaye a birnin Brisbane na ƙasar Ostireliya. Da ciki ya kai mako 6, hoton asibiti ya nuna mabiyiya ɗaya ce ke ciyar da su, alamar ƙwai ɗaya ke nan. Da ya kai mako 14, sai ga namiji da mace. Likita Michael Gabbett da Farfesa Nicholas Fisk suka bi diddigi, suka buga sakamakon a 2019: abin da yaran suka gada daga uwa iri ɗaya ne sak, amma ta wajen uba kashi 78 cikin 100 kawai suka yi tarayya. Bayanin da suka yi shi ne, ƙwayoyin maniyyi biyu ne suka shiga ƙwai ɗaya a lokaci guda. Bisa al'ada irin wannan ciki ba ya rayuwa, domin ƙunshin gado uku ya taru inda biyu ake bukata. Amma a nan sai ya rarrabu, ya zama mutum biyu, kowanne jikinsa gauraye da ƙwayoyin halitta na namiji da na mace, gwargwado dabam-dabam. Suka duba bayanan tagwaye 968, ba su sami ko ɗaya irin wannan ba.

Sai a kula da kyau a nan, don mun san yadda magana take juyewa a rumfar kasuwa da teburin ofis. Ƙwaya biyu ba maza biyu ba ne. Namiji yana fitar da miliyoyin ƙwayoyi a saduwa ɗaya, kuma biyun nan duk na uban yaran ne. Wanda ya ji rabin labari ya jefi matar aure da shi, ƙazafi ya yi, haddinsa kuwa bulala 80 ne, kamar yadda ya zo a Suratun Nur.

Wani abin da ya ja hankalinmu shi ne tagwayen farko irin waɗannan, da aka ba da labarinsu a Amurka a 2007. Dalilin da ya sa aka bincike su, ɗayansu an haife shi da al'aurar da ba a tantance ta ba, watau mata-maza. Malaman fiƙihu sun buɗe wa wannan babi tun ƙarnuka da dama, suna kiransa hunsa. A mazhabar Imamu Malik, idan duk alamu sun kasa bayyana jinsinsa, ana ba shi rabin rabon namiji da rabin rabon mace. Haka kuma idan mamaci ya bar mace da ciki, Malikawa ba su raba gado sai ta haihu, ko da magada sun ƙosa; hoton mako 6 na Brisbane ma sai da na mako 14 ya warware shi.