Ido Ya Fi Kumatu Daraja

Tun da wayar hannu ta shiga ɗakunan 'yan matanmu, daga unguwannin Dutsin-Ma har zuwa ƙauyukan Kurfi, ake ta kallon fuskokin matan Legas da Dubai masu cikakkun kumatu, kuma wanda ya daɗe yana kallon abu, wata rana sai ya tambayi kuɗinsa.

Haƙiƙanin aikin cika kumatun shi ne likita ya zuƙo kitse daga ciki ko cinyar mace, ya tace, sa'an nan ya ɗura shi ƙarƙashin fatar kunci ko goshi. Idan kuwa tsinin allurar ya faɗa jijiyar jini, musamman tsakanin gira biyu ko gefen hanci, kitsen na iya bin ta ya toshe wadda ke shayar da ido, gani ya ɗauke nan take, wani lokaci har da shanyewar ɓarin jiki. A 2015 wasu likitocin fata suka tattara labarin mutum 98 da ganinsu ya taɓu saboda allurar cika fuska, kusan rabinsu kitsen jikinsu aka ɗura musu, alhali babu maganin da ke narkar da shi in ya shiga. Abin da ya gagari ƙwararru a manyan asibitoci, ina ga wadda sai an ɗauko ta daga Dutsin-Ma, an ratsa Kurfi, kafin a isa Katsina?

Fuƙaha'u sun bambance gyara na lalura da gyara na ƙawa. Sahabi Arfaja, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, Manzon Allah (SAW) ya yi masa izinin sa na zinariya, domin kawar da aibi magani ne. Amma lafiyayyar fuska da za a kai ta bakin makanta don neman yabo, ban san malamin da zai kira wannan maslaha ba.

Sai dai ba 'yan mata kaɗai nake zargi ba. Saurayin da ke kushe siririya, da dangin miji masu yi wa amarya gorin rama, su suka tura 'ya'yanmu shan maganin ƙiba na "sha ka fashe", su ne kuma za su tura su ga allura. Iyaye da limamai, ku fara wa'azin daga kansu, kafin a kawo mana budurwa ana ja mata gora.