Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kauran Gwandu Game Da Haziƙan Yaran Bakin Kwara

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kebbi, Dokta Nasir Idris, Kauran Gwandu.

Ranka ya daɗe, abin da ya ƙarfafa mini zuciya har na ɗauki alƙalami daga nan Lolo, ƙasar Bagudo, inda iyakarmu ta haɗu da ta Jamhuriyar Benin, shi ne sanin da na yi cewa tun kafin ka hau wannan kujera a shekarar 2023 ka riƙe alli, ka kuma shugabanci ƙungiyar malaman makaranta ta Nijeriya baki ɗaya, saboda haka ba sai na tsawaita bayani ba game da irin yaron nan da kowane malami yakan gamu da shi jefi-jefi, wanda ya haddace darasin tun kafin a gama rubuta shi a allo, sa'an nan ya zauna yana leƙen taga saboda ajin ya yi masa kaɗan.

Wata shekara, cikin hunturu, wata yarinya daga cikin irin waɗannan ta tambaye ni dalilin da ya sa Kwara take cika a watan Disamba da Janairu, alhali kuwa ruwan sama ya ɗauke tun Oktoba, ga shi kuma ruwan ya yi garau har yana duhu-duhu, ba kamar na damina mai laka ba. Na amsa mata a tsaye gaban allo, na ce wannan ruwa a duwatsun Gini ya sauka tun damina, ya gangaro ya bazu cikin manyan fadamun Mali wajen Mopti, ya yi watanni yana tafiyar hawainiya har lakarsa ta kwanta, kana ya biyo ta Tumbutu da Yamai da Gaya ya iso mu. Na kuma ce da shi da ambaliyar damina ne madatsar Kainji, wadda aka gama a 1968, take cika ta ba mu lantarki. Jawabin daidai ne, amma har yau ina nadamar yadda na bayar da shi, domin kogin yana nan kusa da mu, da na kai ta bakinsa da gora mai awo da kwalabe biyu, ta ɗebi ruwan Agusta ta ajiye, ta ɗebi na Janairu ta gwada, da ta gano rabin amsar da hannunta, kuma da ta san cewa ilmi abin bincike ne kafin ya zama abin hadda.

Ba bidi'a nake kawowa ba. Malamanmu na da sun san manzilolin taurari, da su suke lissafta wa manoma lokacin shuka, kuma Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen da ya wallafa littafi kan hisabin wafaƙi a 1732 ya rasu a Alƙahira, shaida ne cewa ƙasar nan ta daɗe da fahiman lissafi. Kai da kake riƙe da sarauta a masarautar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ka fi ni sanin darajar da magabata suka ba tafakkuri cikin halittun Ubangiji.

Gaskiya ne Gwamnatin Tarayya ta kafa makarantar haziƙai a Suleja, amma ɗan masunci ko ɗiyar mai noman albasa daga Lolo, ko Illo, ko Kaoje, ina hanyarsu ta zuwa can? Abin da nake roƙo ƙarami ne. A zaɓo yara maza da mata waɗanda malamansu suka shaidi hazaƙarsu, ba don ɗan wane ba, a fita da su kwana uku a kowane zango, tare da malami guda daga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero, da ma'aunin zafi, da madubin ƙara girman ƙananan halittu. A zaunar da su gaban Sarkawa, waɗanda suka san kogin nan fiye da kowane littafi, su nuna musu minjirya, a fara darasin lantarki daga jikinta, su tono musu gaiwa daga busasshiyar laka, yara su yi ta muhawara kan yadda kifi yake shaƙar iska ya rayu har damina ta dawo. Su auna zurfin rijiyoyin fadama, su gwada ƙasar da shinkafa take so da wadda ta ƙi, da dare kuma a nuna musu Kaza da 'Ya'yanta a gaya musu ita ce Surayya ta littattafai.

Na san abin da za a fara cewa, kuma ba zan raina shi ba, domin duk uban da ya tuna ɗaliban da aka sace a Birnin Yauri a watan Yunin 2021 yana da hujjar fargaba. Shi ya sa ban nemi a kai su dajin Kainji ko wani wuri mai nisa ba. A tsaya inda hakimi da masu unguwa suka san kowa, a yi aikin kogi da rana, kada yaro ya taka kwalekwale sai da rigar kariya daga nutsewa, 'yan mata kuma su kasance tare da malamai mata, da yardar iyayensu a rubuce.

Ina roƙon ka umurci Ma'aikatar Ilmi ta fara gwaji da yara talatin daga ƙasar Bagudo a Disamba mai zuwa, daidai lokacin da ruwan Gini yake isowa, idan ya so kowane yaro ya rubuta abin da ya auna da hannunsa, a haɗa a kawo maka ka karanta da kanka. Ni kuwa, in Allah Ya kai mu da rai da lafiya, zan riƙe musu gorar awo.

Wassalamu.

Naka mai biyayya,
Wani tsohon malamin makaranta, Lolo.