Tsibirin Littafi Da Aka Cike Domin Motocin Fim

A farkon watan Yulin 2025 kamfanin Disney ya rufe wani ɗan tsibiri da ke tsakiyar dandalin shaƙatawarsa na Magic Kingdom, a jihar Florida ta Amurka. Tun 1973 yara ke hayewa can a jirgin fito na katako, su bazu cikin kogwanni masu duhu, su taka wata gada da aka shimfiɗa a kan ganguna masu iyo tana rawa da su, su hau ganuwar katako su leƙo iyayensu daga sama. Sunan wurin Tsibirin Tom Sawyer, daga littafin da Mark Twain ya wallafa a 1876 a kan wani yaro maraya, ɗan ƙiriniya, a bakin kogin Mississippi. Yanzu an janye ruwan da ya kewaye tsibirin, domin a gina fagen motocin nan masu idanu da baki na fim ɗin Cars, wanda ya fito a 2006.

Mu dai muna ganin an yi asara, kuma asarar ta wuce ta tsibiri guda. Akwai wata magana da ta zauna a zukatan masu gina irin waɗannan wurare har ta zama kamar karatun fari: wai tsohon littafi ba ya jawo jama'a, fim mai tashe shi ne ke cika dandali. Wannan maganar muke musu da ita.

Masu goyon bayan fim suna da hujja, kuma ba za mu raina ta ba. Suna cewa gani ya kori ji. Yaron da ya kalli fim sau goma a wayar uwarsa ya san launin motar, ya san muryarta, da ya hango ta daga nesa zai fizge hannunsa ya ruga. Littafi kuwa sai an zauna an karanta, kuma nawa ne cikin yaran yau suka buɗe Mark Twain? Suna ƙarawa da cewa tsibirin ya daɗe ba ya cika, jirgin fito ba ya ɗaukar mutane da yawa, fili kuma tsada gare shi. Duk wanda ya yi kukan tsibirin, in ji su, tuna bara kawai yake yi don bai ji daɗin bana ba.

To, mu duba abin da fim ya gina, mu ga tsawon ransa. Dandalin Universal na Florida ya buɗe a 1990 da alkawarin shigar da mai ziyara cikin manyan finafinai. Ina waɗannan wasannin yau? Na ƙaton gwaggon biri King Kong an rufe shi a 2002. Na Back to the Future, wanda aka buɗe a 1991, an sauke shi a 2007. Na kifin nan mai cin mutane, Jaws, wanda a zamaninsa ya sa Amurkawa tsoron shiga teku, an cike tafkinsa a 2012. Na Terminator ya bi su a 2017. Kowannensu fim ne da ya girgiza duniya a lokacinsa, kowanne kuma sai da aka wayi gari yaran da ke tsaye a layi suna tambayar iyayensu wane ne wannan. Cikin abubuwan hawa na ranar buɗewa, na E.T. kaɗai ya rage. Har Star Wars, da ake ɗauka ba ya faɗuwa, ya sha ƙasa: otal ɗin da Disney ya gina da siffar jirgin sararin samaniya, mai ɗakuna 100, inda mutum biyu ke biyan kusan dala 5,000 don kwana biyu, ya buɗe a watan Maris na 2022 ya rufe a watan Satumba na 2023. Ko shekara biyu bai cika ba.

A ɗaya gefen kuma, Disneyland na California ya buɗe a 1955, kuma har gobe ana layi a wasan Peter Pan, da na kofunan shayin Alice, da na motar Mista Toad. Labarin Alice na 1865 ne, na Toad na 1908, na Peter Pan ya fito a littafi a 1911. Za a ce ai ta hanyar finafinan zane na Disney suka shigo dandalin. Gaskiya ne. Amma wa ke kallon fim ɗin Toad na 1949 a yau? Fim ɗin ya kwanta, wasan yana nan, domin abin da ke riƙe da shi marubuci ne ya ƙaga shi: kwaɗo mai kuɗi, mai girman kai, wanda haukar tuƙi ta kai shi gaban alƙali. Wannan hali ba ya tsufa. Kowane zango yana da irinsa.

Dalilin bambancin yana cikin yadda aka ƙera abubuwan biyu. Fim hanya ɗaya ce da darakta ya shata: ya zaɓa maka inda za ka duba, da tsawon lokacin da za ka duba, da lokacin da za ka firgita. In aka mayar da shi wasa, dole a maimaita wannan mulkin. Sai a zaunar da kai a kujera, a sauke maka ƙarfe a cinya, wani lokaci a ɗora maka tabarau, a jijjiga ka a gaban allo na minti huɗu bayan ka yi awa guda ko biyu a layi. In ka sake shiga gobe, abin da ka gani jiya shi za ka gani, daƙiƙa da daƙiƙa. Ga shi kuma fim a ɗaure yake da fuskar ɗan wasa wanda zai tsufa, da fasahar hoto wadda bayan shekara goma take zama abin dariya, da yarjejeniyar haƙƙin mallaka mai ranar ƙarewa.

Littafi kuwa wuri yake ba ka, da mutanen wurin, da ɗabi'unsu, sa'annan ya bar maka sauran aikin. Twain bai faɗi faɗin kowane lungu na kogonsa ba, don haka maginin ya sami sarari, yaron da ya shiga shi ma ya sami sarari. A tsibirin nan babu bel, babu allo, babu mai cewa lokacinka ya cika. Yaro ne ke yanke shawarar ko ya bi ta hagu ko ta dama, ya ɓuya wa ƙanwarsa, ya tsorata kansa da kansa. Ba ya bukatar ya karanta littafin kafin ya zama Tom na rabin awa. Walt Disney da kansa ya zana taswirar tsibirin farko, na California, wanda aka buɗe a 1956, domin ya taso a Missouri, jihar Twain, ya kuma san abin da yaro ke so a bakin kogi. Magadansa sun san abin da yaro zai sa a saya masa a bakin ƙofar fita.

Nan ne gizo ke saƙa. Twain ya mutu a 1910, littafinsa ya zama na kowa, ba wanda zai hana wani buga shi ko zana Tom a riga. Motocin Cars kuwa mallakar Disney ne tun daga taya har fitila, kuma an sayar da kayan wasansu na biliyoyin daloli. Saboda haka idan kamfani ya ce jama'a fim suke so, a saurara da kyau, abin da yake nufi shi ne fim ne nasa. Ciniki ne, ba mu ce haramun ba ne. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a naɗe lissafin kanti a cikin rigar hukuncin fasaha, a ce mana littafi ya gaza.

Kullum in gardama ta yi zafi sai su jawo Harry Potter, wanda ɓangarensa ya buɗe a Universal a watan Yunin 2010 ya sauya kasuwar baki ɗaya. Mun yarda cewa siffar gine-ginen daga fim aka ɗauko ta, masu tsara dandalin fim ɗin ma su suka taya zanawa. Amma me mutane ke yi in sun shiga? Suna yawo a titi, suna leƙa shaguna, suna zaɓen sandar tsafi, suna shan wani abin sha da marubuciyar ta ƙaga sunansa a takarda tun kafin a kunna kyamara. Littattafai bakwai, daga 1997 zuwa 2007, su suka tara sunayen tituna da kayan zaƙi da darussan makaranta da fim ba shi da lokacin tsayawa a kansu. Kuma a kan gurbin tafkin Jaws aka gina kashi na biyu na wannan unguwa a 2014. Shaidar da suka kira tamu ce.

A wajen Amurka abin ya fi fitowa fili. Dutsen mai aman wuta da ke tsakiyar Tokyo DisneySea, wanda aka buɗe a 2001, a kan littattafan Jules Verne na 1864 da 1870 aka gina shi, tafiya cikin ƙasa da tafiya ƙarƙashin teku. A Nantes ta Faransa, garin da aka haifi Verne, tun 2007 wata giwar ƙarfe da katako mai tsayin mita 12 ke ɗaukar mutane tana fesa ruwa da hancinta a sama, ba tare da wani fim a bayanta ba. A Vimmerby ta Suwidin, dandalin labaran Astrid Lindgren yana nan tun 1981, kusan babu injin lilo a cikinsa, gidaje ne da 'yan wasan kwaikwayo da yara masu hawa rufi.

Akwai ƙaya ɗaya a hanyarmu, gara mu cire ta da hannunmu. A Chatham ta Ingila an kashe fam miliyan 62 an gina Dickens World a kan littattafan Charles Dickens, aka buɗe a 2007, aka rufe a 2016. Littafi ne na gaske, ya kuma faɗi warwas. Sai dai a duba abin da aka yi. Dickens marubucin yunwa ne da gidan marayu da kurkukun masu bashi, ƙarfinsa a cikin fushinsa yake. Aka ɗauki wannan aka zuba cikin wani rufaffen gini kusa da kantuna, aka sa iyalai a kwalekwale suna bin kwatamin Landan na roba, ana jiran su yi dariya. Ba kowane littafi ne ke da ƙasar da mutum zai so ya kwana a cikinta ba. Wanda ya dace shi ne mai tafiya, mai tsibiri da kogo da kasuwa da abin mamaki a bayan kowace ƙofa, kuma a wannan fanni tsofaffin littattafai sun tara abin da Hollywood ba ta gama aro ba har yau.

Mai karatu a Kumasi ko Garwa ko Njamena zai iya cewa ina ruwanmu da wani tsibiri a Florida, wurin da yawancinmu ba za mu taka ba. Ruwanmu shi ne abin da aka yanke a can yana isowa nan da fenti. A dubi bangon makarantun renon yara da filayen lilo da muke kai 'ya'yanmu ranar salla: ɓeran Disney ne da jar motar nan, an zana su a karkace, ba lasisi ba labari. Mu da muke zaune a tsakiyar wasu harsuna, muna fama 'ya'yanmu su riƙe Hausa ta wuce gaisuwa da ciniki, mun fi kowa sanin abin da ake rasawa in hoto ya kori labari. Kuma muna da littafin da ya cika sharaɗin. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934, tafiya ce daga gari zuwa gari don neman ruwan magani, ga aljannu, ga Malam Zurƙe yana ɓullowa a kowane zango da sabuwar muguntar da za a rama. Ba ya bukatar dala miliyan ɗari. Fili yake so mai bishiyoyi, da 'yan bukkoki da rijiya da lunguna, da mutum biyu masu iya baki da za su yi Alhaji da Zurƙe, sai a buɗe ƙofa a saki yara su nemo ruwan da kansu.