Sharhi: Motar lantarki da masu kwana a mota a kan iyakar Illela

Tun bayan da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur ranar 29 ga watan Mayun 2023, batun motoci masu amfani da lantarki ya zama abin tattaunawa har a tashoshin motar arewacin Najeriya.

A Amurka da Turai, wani ɓangare na muhawarar ya shafi mutanen da suka mai da motocinsu gida, wasu don sha'awar yawo, wasu kuma saboda tsadar haya. Tambayar da ake yi a can ita ce ko ƙananan motocin kaya masu rufi da ke aiki da batir za su iya ɗaukar nauyin irin wannan rayuwa.

Tambayar tana da muhalli a Illela, garin da ke kan iyakar jihar Sakkwato da Birnin Ƙonni na Jamhuriyar Nijar. A nan ma akwai masu rayuwa a mota, ko da yake sana'a ce ta ɗora masu: direbobin manyan motoci da na bas-bas, yaran mota, da fataken shanu da albasa, waɗanda kwanakin da suke yi a hanya suka fi waɗanda suke yi tare da iyalansu.

Mota ce ɗakin kwana

Illela na da nisan kimanin kilomita 85 daga birnin Sakkwato, kuma kasuwarta ta dabbobi na daga cikin manya a yankin. Daga nan ake lodin shanu da raguna, da albasar da ke fitowa daga Galmi da sauran sassan jihar Tawa, zuwa Legas da biranen kudu, tafiyar da ta haura kilomita 1,000.

Mai irin wannan tafiya a motarsa yake ajiye tabarma, gidan sauro, butar alwala da kurfotin dafa shayi. Idan dare ya yi, direba kan kwanta a kan mota, yaransa kuma su shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta.

Sau biyu a 'yan shekarun nan siyasa ta mai da wannan zama na kwana biyu ko uku ya koma na watanni.

A watan Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, ba a kuma buɗe ta Illela ba sai a watan Disamban 2020, tare da ta Seme, Maigatari da Mfum.

Bayan juyin mulkin da ya kifar da Shugaba Mohamed Bazoum ranar 26 ga watan Yulin 2023, ƙungiyar ECOWAS ta sa wa Nijar takunkumi, aka sake rufe iyakar har zuwa watan Maris na 2024. Dogayen layukan motoci sun maƙale a ɓangarorin biyu, kaya masu saurin lalacewa suka ruɓe, direbobi da dama kuma suka zauna gadin motocin da ba su da ikon bari.

Duk motar da za a kawo wa waɗannan mutane, tilas ta yi aiki biyu: ta kai kaya inda za a kai su, ta kuma zama wurin da mutum zai iya kwana cikin zafin bazara.

Lissafin kuɗi

A kan takarda, motar lantarki ce ke da riba.

Ford E-Transit, ɗaya daga cikin sanannun motocin kaya na lantarki, ta fito a shekarar 2022 da batir mai ɗaukar yunit 68, irin yunit ɗin da mitar gida ke ƙirgawa. Mota irinta, idan tana ɗauke da kaya, kan ci yunit 25 zuwa 30 a kowace kilomita 100.

A watan Afrilun 2024 hukumar kula da lantarki ta NERC ta kai farashin yunit ɗaya naira 225 ga rukunin da ya fi kowa samun wuta. A watan Oktoban wannan shekarar kuma litar fetur ta haura naira 1,000, bayan da ta kasance ƙasa da naira 200 kafin janye tallafi.

A bisa waɗannan farashi, tafiyar kilomita 100 za ta ci wa motar lantarki wajen naira 6,000 zuwa 7,000, yayin da bas ƙirar Hiace mai shan lita 12 za ta lashe kimanin naira 12,000. Motar lantarki kuma ba ta bukatar juyen baƙin mai, ba ta da fulogi, kuma sassanta masu motsi ba su da yawa.

Sai dai masu iya magana sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Sabuwar E-Transit ta shiga kasuwar Amurka ne a kan kusan dala 50,000, wato wajen naira miliyan 75 a canjin da aka gani cikin 2024, kafin a yi maganar dako da kuɗin kwastan. Galibin masu motocin haya a wannan yanki tsofaffin motoci 'yan Kwatano suke saye, wasu ma biyan kuɗin suke yi kaɗan-kaɗan daga abin da motar ta samo.

Ina wutar take?

Ko da an samu kuɗin sayen motar, sauran babbar tambaya: a ina za a yi mata caji?

Jihar Sakkwato na da abin tinƙaho a wannan fanni. A watan Afrilun 2021 hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, ta buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana ta farko a Najeriya a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Shugaban hukumar na lokacin, Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato ne, kuma shi ne ya zana fasalin motar Chevrolet Volt sa'adda yake aiki da kamfanin General Motors.

Amma tashar ta gwaji ce. Alkaluman da hukumar ta bayar sun nuna tana iya samar da kimanin yunit 86 a rana, abin da ke nufin mota ɗaya irin E-Transit ta kusa cinye wutar yini guda. Babbar motar lantarki ta Mercedes-Benz eActros 600, wadda batirinta ya haura yunit 600, za ta bukaci wutar mako guda.

Wutar gwamnati kuwa, wadda kamfanin Kaduna Electric ke rarrabawa a jihar, ta dogara ne da layin da ya taso daga Kainji ya biyo ta Birnin Kebbi. A watan Satumban 2023 gobara ta lalata manyan na'urori a tashar Birnin Kebbi, lamarin da ya jefa sassan Kebbi da Sakkwato cikin duhu. A shekarar 2024 kuma babban layin wutar ƙasar ya durƙushe sau da dama.

Soket ɗin gida zai ɗauki wajen sa'o'i 30 kafin ya cika batir mai yunit 68, in har wutar ba ta ɗauke ba. Na'urar caji mai sauri na iya yin mafi yawan aikin cikin ƙasa da sa'a guda, amma ita kaɗai tana jan wutar da ta kai ta gidaje masu yawa, abin da taransifomar unguwa ba za ta jure ba.

Wanda ya koma ga janareta kuma ya koma gidan jiya. Litar man gas ɗaya kan ba da kimanin yunit uku, don haka cajin kilomita 100 zai ci lita tara zuwa goma, kusan daidai da abin da motar gas mai wannan girma ke sha.

Tsallaka iyaka ma ba mafita ba ce. Kafin rikicin 2023, kimanin kashi 70 cikin ɗari na wutar Nijar daga Najeriya take zuwa, kuma katse ta na daga cikin matakan farko da aka ɗauka bayan juyin mulkin.

Nisa, zafi da tsaro

Motar da ke yin kilomita 200 zuwa 250 da kaya a kan caji ɗaya za ta tsaya aƙalla sau huɗu ko biyar tsakanin Illela da Legas. Ga mai ɗauke da shanu ko albasa, kowace sa'a ta jira hasara ce.

Nauyin batirin shi kansa yana rage yawan kayan da motar za ta ɗauka, a harkar da ribarta ke rataye da yawan lodi.

Zafin Sakkwato, wanda kan wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, yana gaggauta tsufan batirin lithiyam, musamman idan motar na yini a rana.

Akwai kuma batun gyara. Kusan kowane gari a kan hanyar Gwadabawa zuwa Sakkwato na da bakanike da ya san cikin Hiace da J5 kamar tafin hannunsa. Batirin motar lantarki kuwa na aiki ne da wuta mai ƙarfin wajen bolt 400, wadda ke iya hallaka wanda ya taɓa ta ba tare da horo ba.

Abin da ya fi damun direba shi ne tsayuwa a daji. A watan Nuwamban 2021 'yan bindiga sun kashe mutane da dama a hare-haren da suka kai ƙananan hukumomin Illela da Goronyo, kuma matsalar tsaro ta daɗe tana addabar gabashin jihar. Wanda fetur ya ƙare wa na iya tura ɗan acaɓa ya sayo masa galan daga 'yan bumburutu. Wanda caji ya ƙare wa sai dai a jawo motarsa.

Wannan ba ya nufin fetur ba shi da tasa matsalar. A watan Nuwamban 2019 hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka domin daƙile fasa-ƙwauri, matakin da ya tsananta ƙarancin mai da tsadarsa a garuruwa irin su Illela.

Inda lantarki ya yi zarra

Idan aka raba bukatun mai zama a mota gida biyu, ta tafiya da ta zama, sai a ga lissafin ya sauya.

Fankar mota, ƙwan fitila da cajin waya ba su cin yunit ɗaya a dare. Batir mai yunit 68 zai iya riƙe su na tsawon makonni ba tare da an tada inji ba, babu ƙara, babu hayaƙi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, ganin cewa hayaƙin inji a rufaffen wuri na kashe mutum cikin barci. Da a ce irin waɗannan motoci ne suka maƙale a kan iyaka a 2023, da zaman ya zo wa masu su da sauƙi.

To amma ba sai an sayi motar miliyan 75 ake samun wannan moriya ba. Farantin sola ɗaya mai wat 300, a ranar Sakkwato, kan ba da kimanin yunit ɗaya da rabi a yini. Idan aka haɗa shi da ƙaramin batir, ya ishi direba da yaransa fanka da haske da caji, a kan kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na farashin sabuwar motar ba. Abin da kawai yake bukata shi ne a riƙa goge masa ƙura, musamman a lokacin hunturu.

Faranti uku irin wannan, wato abin da rufin bas zai iya ɗauka, ba za su tuƙa motar fiye da kilomita 15 zuwa 20 a rana ba. Hasken rana a saman mota ya isa zama, amma bai isa tafiya ba.

Gajerun hanyoyi su ne wuri na biyu da lantarki ke da dama. Zuwa Sakkwato da dawowa bai wuce kilomita 170 ba, abin da caji ɗaya zai iya yi. Tsakanin Illela da Ƙonni kuwa 'yan kilomitoci ne, nisan da ya dace da Keke Napep da babura masu batir. A Maiduguri, matashin ɗan kasuwa Mustapha Gajibo ya nuna cewa ana iya mai da ƙananan bas-bas su koma lantarki, a riƙa yi masu caji da hasken rana, su yi jigila cikin gari. Sirrin nasarar shi ne motocin na komawa wuri ɗaya kowane dare.

Jan aiki a gaban hukumomi

A taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021, Najeriya ta yi alkawarin daidaita hayaƙin da take fitarwa nan da shekarar 2060. A watan Oktoban 2024 gwamnati ta cire harajin VAT a kan motocin lantarki, yayin da dokar lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi damar tsara kasuwar wutarsu da kansu.

Shirin motoci masu amfani da iskar gas da gwamnatin tarayya ta ɓullo da shi a 2023 na fuskantar irin wannan cikas na nisa, domin bututun da aka shimfiɗa daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano bai biyo ta Sakkwato ba.

Damar da ta fi kusa ita ce babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry mai tsawon kilomita 1,068, wadda aka ƙaddamar da aikinta a watan Oktoban 2024, kuma daga Illela ta faro. Idan aka tanadi wuraren hutawar direbobi a kanta, masu tsaro da ruwa da masallaci da tashar caji mai nata farantan sola a kowace kilomita 150 ko makamancin haka, to maganar motar kaya ta lantarki za ta fara yin ma'ana ga masu dogon zango.

Kafin a kai ga haka, abin da ƙungiyoyin direbobi irin su NURTW da NARTO da gwamnatin jiha za su iya yi shi ne kafa rumfunan sola a tashar mota da kasuwar dabbobi, da samar da rance mai sauƙi na sayen faranti da batir. Hausawa na cewa da sabon gini gara yaɓe. Ga direban da ke jiran a buɗe masa ƙofa a Illela, fankar da za ta kai shi asuba a watan Afrilu ta fi kusa da shi fiye da motar da ba shi da inda zai yi mata caji.